Gidajen Wasan Gem A Azare: Ribar Sana'ar Tana Ga Wanda Ya San Ciwon Na'urarsa

AZARE, Jihar Bauchi: Duk wanda ya zagaya cikin garin Azare da la'asar sakaliya, musamman a unguwannin da ɗalibai suka fi zama, da wuya ya rasa cin karo da wani ɗan shago mai labule a ƙofa, ga takalma jibge a bakinsa, ga ƙarar janareta ta baya, ga kuma ihun samari daga ciki kamar ana wasan ƙarshe na cin kofi. Wannan shi ne gidan wasan gem, inda mutum biyu kan zauna gaban akwatin talabijin, kowa riƙe da abin sarrafawa, su biya kuɗi su kara da juna a ƙwallon ƙafa ko dambe na na'ura. Wanda aka cinye ya tashi, wani ya maye gurbinsa.

Manya da yawa suna yi wa abin kallon shiririta, amma ga ɗan kasuwa sana'a ce mai jari da riba da asara kamar kowace. A duniya ma masu bin diddigin wannan kasuwa sun ƙiyasta cewa kuɗin da aka kashe kan wasannin na'ura a shekarar 2023 ya zarce dala biliyan 180, kusan rabinsa ta wayar hannu. Abin da ya kamata mai niyyar zuba jarinsa ya sani tun da wuri shi ne, samun masu wasa ba shi ne wuyar sana'ar ba a gari irin Azare. Wuyar ita ce na'urar ta kwana lafiya ta tashi lafiya, domin ranar da ta tsaya ciniki ya tsaya, alhali kuɗin haya da na mai ba su tsaya ba.

Dalilin da ya sa Azare ta dace da wannan harka ba ɓoyayye ba ne. Tun shekarar 1916 da aka mayar da fadar masarautar Katagum daga tsohon garin Katagum zuwa Azare, garin ya zama cibiyar mulki da ciniki ta arewacin ƙasar Bauchi. Yana kan babbar hanyar da ta taso daga Kano ta bi ta Wudil da Shuwarin ta nufi Potiskum da Maiduguri, saboda haka kayan da aka sauke a kasuwannin Kano kan iso shi a yini ɗaya. Bugu da ƙari ga makarantu: akwai Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh, da Kwalejin Gwamnatin Tarayya, da Jami'ar Kimiyyar Lafiya ta Tarayya da aka kafa a 2021, ga kuma jami'ar jiha da ke Gadau, wadda yanzu ake kira Jami'ar Sa'adu Zungur, ba nisa da garin. Inda matasa suka taru da 'yan canji a aljihu, to akwai kasuwa.

Daga kaset zuwa faifai

Na'urorin farko da suka shiga gidajen mutane a arewa, cikin shekarun 1990, yawancinsu kwaikwayo ne na na'urar Famicom da kamfanin Nintendo na Japan ya fitar a 1983, waɗanda aka riƙa ƙerawa a Taiwan da Sin ana sayarwa da araha tare da kaset mai ruwan ɗorawa. Daga nan sai Mega Drive ta kamfanin Sega, wadda ta fito a 1988. Amma abin da ya mayar da wasan sana'a sosai shi ne PlayStation ta kamfanin Sony, wadda ta fito a Disambar 1994 tana amfani da faifai maimakon kaset, sai ƙanwarta PlayStation 2 a shekarar 2000, wadda aka sayar da fiye da guda miliyan 155 kafin a daina ƙera ta a farkon 2013. Bayanta an yi ta uku a 2006, ta huɗu a 2013, ta biyar kuma a 2020.

Wannan jerin shekaru yana da amfani ga mai saye, domin akasarin na'urorin da ke shagunan garuruwanmu na hannu ne, waɗanda ake kira tokumbo. Sun gama aiki a Turai ko Amurka ko Japan, an sauke su a Legas, sun bi ta kasuwar Alaba, sun iso Sabon Gari ko Farm Centre a Kano, kafin su kai ga Azare. Ke nan wanda ya sayi PlayStation 2 a yau ya sayi abin da ko na ƙarshen ƙira ne ya haura shekara goma, ba shi da takardar lamuni, kuma kamfanin da ya ƙera shi ba zai karɓe shi gyara ba.

Sabuwa kuwa kuɗinta na bin dala. An fitar da PlayStation 5 a kan dala 499. A farkon 2023, lokacin da dala take wajen naira 750 a kasuwar bayan fage, hakan ya kama kimanin naira 374,000 kafin kuɗin jigila da na kwastan da ribar dillali. Bayan da Babban Bankin Nijeriya ya saki farashin naira a Yunin 2023, dala ta haura naira 1,500 a Fabrairun 2024, wato kuɗin na'urar ya ninka ba tare da an ƙara mata ko ƙusa ɗaya ba. Tun daga lokacin gyara ya ƙara daraja, domin abin da a da ake jefarwa a sayi wani, yanzu sai an lallaɓa shi.

Wutar lantarki, babbar abokiyar gaba

Mafi yawan na'urorin da ke mutuwa farat ɗaya, wuta ce ke kashe su. Da farko akwai bambancin ƙarfin wuta tsakanin ƙasashe. Nijeriya na amfani da bolt 230, Amurka 120, Japan kuwa 100. PlayStation ta farko da mafi yawan ta biyu da aka ƙera domin Amurka ko Japan ba su ɗaukar wutarmu, saboda haka wanda ya jona su kai tsaye ba tare da tiransifoma mai rage ƙarfi ba, sai dai ya ji ƙauri. Ta huɗu da ta biyar an ƙera su su karɓi daga bolt 100 zuwa 240, don haka sun tsira daga wannan. Duk da haka hankali shi ne a juya bayan kowace na'ura a karanta abin da aka rubuta kafin a jona.

Na biyu shi ne hawa da saukar wuta. Lokacin da aka fi yin ɓarna shi ne daidai sa'ad da aka dawo da wuta bayan an ɗauke, ko sa'ad da janareta ke shaƙewa don mai ya kusa ƙarewa. A nan ne sashen da ke karɓar wuta a cikin na'urar kan ƙone. Idan an yi sa'a shi kaɗai za a sauya, idan ba a yi ba wutar ta haura zuwa fanel, kuma gyaran fanel wani lokaci ya kan kusan kai kuɗin wata na'urar.

Na uku kuma, wanda masu shago da yawa ba su lura da shi ba, ya shafi sababbin na'urori. Daga PlayStation 3 zuwa sama kowace na ɗauke da rumbun ajiya a ciki, kuma tana rubutu a cikinsa ko da ana tsakiyar wasa. Idan wuta ta yanke tana cikin rubutun, bayanan kan gurɓace, washegari a kunna ta ƙi tashi ko ta riƙa sandarewa. Tsohuwar PlayStation 2 ba ruwanta da wannan sosai, a kashe ta ta ƙarfi a kunna, ta ci gaba. Wannan na daga cikin dalilan da ya sa ta daɗe tana aiki a ƙauyuka bayan birane sun yi watsi da ita.

Sai batun lissafi. Siririyar PlayStation 2 ba ta kai wat 50 ba, ta huɗu kan ci tsakanin wat 100 da 150 idan ana wasa, ta biyar kuwa wajen wat 200. A ƙara da talabijin mai inci 32 da ke cin kimanin wat 50. Mai shagon da ya jera PlayStation 4 guda huɗu da talabijin huɗu zai iya buƙatar wat 800 kafin a zo ga fanka da fitila, abin da ya fi ƙarfin ƙaramin janaretan nan da aka fi sani a shaguna. Wanda ya matsa masa, shi da kansa ya jawo wa na'urorinsa hawa da saukar wutar da ake gudu.

Kafin 29 ga Mayun 2023, ranar da aka sanar da janye tallafin mai, farashin gwamnati na litar fetur bai kai naira 200 ba. Cikin 'yan kwanaki ya haura naira 500 a arewa, kuma a Oktoban 2024 ya zarce naira 1,000. A cikin wannan wata na Oktoba ne kuma yawancin jihohin arewa, har da Bauchi, suka yi fiye da mako guda cikin duhu sakamakon lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta daga kudu. Waɗannan abubuwa biyu sun sa masu ƙananan sana'o'i da dama sun karkata ga sola da batir da inbata. Ga gidan gem amfanin wannan bai tsaya ga rage kuɗin mai ba: inbata mai kyau na ba da wuta mai daidaito, kuma ba ta yankewa farat ɗaya. Jarin farko yana da nauyi, amma a ganinmu wanda ke da kuɗin na'ura huɗu gara ya sayi uku ya sa ragowar a kan wuta.

Zafi da ƙura

Yanayin ƙasar Katagum ba ya tausaya wa na'ura. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, daga Nuwamba zuwa Fabrairu kuma iskar hunturu na kwaso ƙura mai laushi da ke shiga ko'ina. Na'urar wasa tana shaƙar iska da fanka ta hura a kan ƙarfen da ke janye zafi daga ƙwaƙwalwarta. Idan ƙura ta toshe haƙoran wannan ƙarfe, fanka za ta riƙa gudu tana ƙara kamar jirgi zai tashi, daga nan saƙon gargaɗi ya fito, sai na'urar ta kashe kanta. Ƙarar fanka ita ce alamar farko, kuma a lokacin maganin mai araha ne: a buɗe a share, a kuma sauya man nan da ake shafawa tsakanin ƙwaƙwalwa da ƙarfen, domin yakan bushe bayan shekaru. PlayStation 5 ta bambanta, ruwan ƙarfe aka sa mata a wurin, wanda idan ya zuba kan fanel zai haɗa wuta. Wannan ba aikin ɗan koyo ba ne.

Kada a ɗauka zafi matsalar ƙasashenmu ce kawai. Na'urar Xbox 360 ta kamfanin Microsoft, wadda ta fito a 2005, ta riƙa mutuwa a hannun masu saye a Amurka da Turai tana nuna jajayen fitilu uku, saboda yawan ɗumi da hucewa na lalata haɗin da ke riƙe da ƙwaƙwalwar hoto. A Yulin 2007 kamfanin ya ware fiye da dala biliyan ɗaya domin gyara, ya kuma tsawaita lamuni zuwa shekara uku. Idan haka ta faru a ɗakuna masu sanyi, sai a auna shagon langa-langa a watan Afrilu da samari goma sha biyar a ciki.

Akwai kuma baƙon da ba a gayyata ba. Masu gyara a ƙasashe da yawa sun san kyankyasai na son ɗumin cikin PlayStation 4, sukan shiga sashen wuta su haɗa ta, su mutu su kashe na'urar. Ajiye ta a kan kanta mai tsayi, nesa da bango da ragowar abinci, ya fi a dasa ta a ƙasa.

Abin da ke cin kuɗin mai shago kullum, a hankali ba tare da ya ji ba, shi ne hannu, wato abin sarrafawar da yara ke kira fad. Sandunan nan biyu da ake juyawa da babban yatsa suna da ɗan zobe a ciki da ke gogewa, idan ya cinye sai a ga ɗan wasa na tafiya shi kaɗai ba wanda ya taɓa shi. Robar da ke ƙarƙashin maɓallai ma na yagewa. Duka biyun ana sauya su da ɗan haƙuri a kan kuɗi kaɗan, kuma yanzu akwai sanduna masu aiki da maganaɗisu waɗanda ba su gogewa. Jabun hannu ya cika kasuwa, yana da sauƙin kuɗi, amma araha ba ta ado. Haka nan ramin da ake soka wayar hoto a bayan na'ura kan karye idan ana yawan cirewa da mayarwa ko yaro ya yi tuntuɓe da wayar.

Tsofaffin masu sana'ar za su tuna da wasu cututtuka biyu da yanzu suka yi sauƙi: idon da ke karanta faifai, wanda kan raunana har a ga ana kifa PlayStation ta farko a kan bayanta don ta karanta, da kuma hoton da kan fito baƙi da fari idan aka haɗa na'urar Amurka ko Japan mai tsarin NTSC da talabijin ɗinmu mai tsarin PAL.

Ina ilimin gyaran ke fitowa?

Babu makarantar da ta yaye masu gyaran waɗannan na'urori a yankin. Galibinsu masu gyaran rediyo da talabijin ne ko na wayar hannu da suka faɗaɗa sana'a. Ilimin kuwa, mafi yawansa daga masu sha'awar wasan kansu ya fito, waɗanda ke ko'ina a duniya suna kwance na'urorinsu, suna gano ciwo, suna bayyana wa juna magani ta intanet, a rubuce ko a bidiyon YouTube, daga nan ya gangaro zuwa wayoyin matasanmu ta WhatsApp da Facebook. Kowane kuskure da na'ura ta nuna yana da lamba. Wanda ya ga CE-34878-0 a PlayStation 4, misali, idan ya bincika zai tarar cewa wasan ne ya tsinke, kuma sau da yawa sabunta manhaja ko sake tsara ajiya ya wadatar. Ana yin wannan ta danne maɓallin kunnawa har a ji ƙara ta biyu, wajen daƙiƙa bakwai, sai a jona hannu da waya a zaɓi sake gina jerin bayanai. Aikin minti kaɗan ne, amma mai shagon da bai san shi ba zai iya ɗaukar na'urar zuwa Kano, tafiyar kimanin kilomita 200, ya yi asarar kuɗin mota da cinikin kwana biyu.

Sai dai ba duk shawarar da ke yawo ce abin bi ba. A zamanin matsalar Xbox 360 an yaɗa cewa a naɗe na'urar da tawul a bar ta ta yi zafi, ga PlayStation 3 kuma aka ce a hura mata injin busar da gashi. Na'urar kan farfaɗo na 'yan kwanaki, daga nan ta mutu gaba ɗaya. Wasu dillalai marasa tsoron Allah da irin wannan dabara suke tayar da matacciya su sayar. Ga kuma shingen harshe, domin kusan duk bayanan da Turanci suke, kuma mai gyaran da ke bin hoto kawai ba tare da fahimtar gargaɗin da ake yi ba yakan tsallake abin da ya fi muhimmanci. A nan akwai gurbi ga matasan da suka yi karatu: wanda ya iya bayyana waɗannan abubuwa da Hausa a tsanake zai sami masu saurare daga Azare har Damagaram.

Masu sha'awar ba gyara kaɗai suke yi ba, har wasannin suke yi wa kwaskwarima. Wasan ƙwallon kamfanin Konami, wanda aka sani da Winning Eleven ko Pro Evolution Soccer kafin a sauya masa suna zuwa eFootball a 2021, an daɗe da daina fitar da shi a PlayStation 2, amma masoya na ci gaba da sabunta sunayen 'yan wasa da rigunansu kowace kaka. Mafi shahara shi ne Bomba Patch na ƙasar Brazil, wanda wani mai gidan gem ya fara a shekarar 2007 don ya riƙe abokan cinikinsa. Irin wannan aiki ne ya sa tsohuwar na'ura ke ci gaba da kawo kuɗi. Amma wajibi ne ɗan kasuwa ya san matsayin doka: Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris 2023, ta hana kwafar aikin wani don kasuwanci ba da izini ba, ta kuma hana karya makullin da mai aiki ya sa don kare shi. Ban da haka, na'urar da aka yi wa kutse idan ta hau intanet kamfanin na iya toshe ta daga hidimarsa, darajarta ta faɗi.

Wayar hannu ta zo da gasa, ba shakka. Tun da wasanni irin su Free Fire a 2017, PUBG Mobile a 2018 da Call of Duty Mobile a 2019 suka fito, yaro na iya wasa a ɗakinsa da mutanen da bai taɓa gani ba. Amma wannan na buƙatar data, wadda ta ƙara tsada bayan Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, yana kuma buƙatar sabis mai sauri. Manyan kwamfutocin da ke haɗa 'yan wasa galibi suna nesa, a Turai ko Gabas ta Tsakiya ko Afirka ta Kudu, don haka saƙon ɗan wasanmu kan makara, a harbe shi kafin ya ga maharbin. A tsohon garin Katagum, hedkwatar ƙaramar hukumar Zaki, da ƙauyukan da ke kewaye, inda wuta da sabis ba su kai na Azare ba, na'urar da ba ta buƙatar intanet kuma batir ɗaya ke iya riƙe ta ita ce ta fi dacewa da jari. Kuma abin da gidan gem ke sayarwa ba hoto ba ne kawai, har da taro da ihu da tsokanar wanda aka ci.

Wani abin da ke rufe shago da sauri fiye da ƙonewar fanel shi ne ɓacin ran unguwa. Iyaye na da hujja idan suka ga yara da kayan makaranta a ciki da hantsi, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar wasan na'ura cikin jerin cututtukanta da ya fara aiki a Janairun 2022. A jihar da ke bin shari'ar Musulunci tun 2001, barin samari su sa kuɗi a kan wasa caca ce ƙarara. Mai shagon da ke korar ɗalibai a lokacin karatu, yana rufewa lokacin salla, yana hana sa kuɗi, yana kuma sanar da mai unguwa kafin ya buɗe, jarinsa yake karewa.

Ga wanda zai je Kano sayen ta hannu, kada ya yarda da gwajin minti biyar. A bar ta ta yi wasa mai nauyi na aƙalla rabin sa'a a gabansa, domin wadda aka tayar da zafi takan tona kanta idan ta ɗumama. A saurari fanka, a duba hatimin bayanta ko an taɓa buɗe ta, a girgiza wayar hoto kaɗan a ga ko hoton zai ɗauke, a saki sandunan hannu a ga ko ɗan wasa zai motsa shi kaɗai. Sannan a nemi dillali ya rubuta lambar jikin na'urar a kan rasit tare da adadin kwanakin da ya yarda a dawo da ita, a kuma haɗo da robar maɓallai da sanduna na ajiya tun daga can, tunda kuɗin motar komawa ya fi kuɗinsu.